Ta Bakin Taga

A shekarar da jaridun Ingila suka gano cewa sama ta huje, Malam Masawudu Jalo yana koyar da kimiyya a wata sakandaren gwamnati a Peckham. Digirinsa biyu a ilimin sinadarai, ɗaya na Zariya ɗaya na nan Landan, kuma abin da suka samar masa shi ne ɗakin gwaji mai famfunan da rabinsu sun toshe, da yara 'yan shekara goma sha biyu waɗanda suka yi imani an ƙirƙiro wutar gas ne don ƙona murfin biro. Matarsa Hannatu ta rasu a damunar bara, idan za a kira abin da ake yi a Landan damuna, tunda ruwan ba shi da lokacin zuwa balle na tafiya.

Ranar da ya fara babin iska, ya shigo aji da kwalba a hannu ya dangwarar da ita a kan tebur.

"Me ke cikin wannan?"

Da Turanci ake darasin, na littafi daga wajensa, na bakin titin Rye Lane daga wajensu.

"Babu komai, Sa!"

Ya kifa kwalbar a cikin daron ruwa, ya danna ta har ƙasa. Ruwa bai shiga ba. Ya bar su suka kalla.

"Idan babu komai, me ya hana ruwan shiga? Ladabi?"

Ya karkata ta kaɗan, kumfa ta taso ɓul-ɓul, yaran suka yi ihu kamar an ci ƙwallo. Wani yaro mai suna Kevin, wanda Allah bai halicce shi don zama a kujera ba, ya miƙe.

"Sa, da gaske ne man feshin gashin mamata ne ya huda sama? A talabijin aka faɗa."

"Mamarka ita kaɗai ba za ta iya ba. Sai da maƙwabta suka taimaka. Zauna."

Ya zana da'ira a allo. Ya gaya musu cewa suna zaune ne a ƙasan wani teku wanda ba a gani, sun saba da nauyinsa shi ya sa ba sa jin sa. Ya ce idan duniya albasa ce, iskar da ta lulluɓe ta ba ta fi busasshen ɓawon nan na waje kauri ba, kuma duk numfashin da aka taɓa yi, na sarki da na akuya, a cikin wannan ɓawon aka yi shi. Ramin da ake magana a jarida yana can sama ne, a wani siririn rufi da ke tare mugun hasken rana, kuma za su zo kansa. Amma kafin mutum ya yi kukan rami, ya kamata ya san da me aka yi rufin.

"Iska ba abu ɗaya ba ce. Gauraye ce, kamar..."

Garau-garau ya so ya ce, shinkafa da wake. Sai ya tuna mutum ɗaya ce a ajin za ta gane, kuma za ta ɗago kai ta dube shi. Ya haɗiye kalmar, ya ce kamar yashi da tsakuwa.

Mutum ɗayar tana zaune a bakin taga. Khadijatu, 'yarsa ta fari, kuma ita ke nan, babu ta biyu. Ƙarancin malaman kimiyya ne ya jefa ta ajinsa. Shugabar makarantar ma cewa ta yi abin ya yi kyau, uba da 'ya za su riƙa ganin juna bayan wannan babban rashi. Turawa suna da yawan tunanin cewa gani shi ne magani.

Abin da shugabar ba ta sani ba shi ne, tun ranar da aka haifi yarinyar Malam Masawudu bai taɓa furta sunanta ba. A gidan da ya tashi, can wajen Yola, ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa gaban mutane, ba a ɗora shi a cinya. Shi kansa ɗan fari ne. Mahaifinsa ya rasu bai taɓa ce masa Masawudu ba, amma ya sayar da shanunsa ɗaya bayan ɗaya har sai da ya ga ɗan a jami'a, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da Masawudu ya fassara masa wannan. Kowa a garin ya iya karanta shi. Malam ya karanta littattafai da yawa a rayuwarsa, har da waɗanda suka yi wa irin wannan al'ada ba'a, ya yi dariya tare da su, sannan ya rufe littafin ya ci gaba da kiran 'yarsa "ke". A aji, idan ta zama dole, sai ya ce "ta bakin taga".

Ranar ya raba musu siraran kwalaben gwaji da soson ƙarfe irin na wanke tukunya. Suka jiƙa soson, suka cusa a ƙasan kwalba, suka kifa ta a cikin kofin ruwa, suka ja layi inda ruwan ya tsaya.

"Ƙarfe ba ya tsatsa sai da iska. Amma ba duk iskar yake ci ba, yana da zaɓi. Za mu bar shi ya ci abin da yake so, mako mai zuwa mu ga abin da ya bari."

"Shi ke nan, Sa? Ba abin da zai fashe?"

"Haƙurina kawai, Kevin."

Suka jera kwalaben a kan taga, kusa da kafaɗar Khadijatu.

Gidansu flat ne na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a bayan Rye Lane, hawa na huɗu, bangonsa kamar kwali. Lokacin da Hannatu take da rai, wannan bangon bai dame shi ba, domin ta wurinta komai yake bi. Idan yarinyar ta kawo sakamako mai kyau, sai ya duba takardar, ya ajiye, ya ce wa Hannatu, "Ki gaya wa 'yarki ba laifi." Hannatu sai ta tashi ta shiga ɗaki na gaba, shi kuma yana ji ta cikin bango tana cewa, "Babanki ya ce duk Ingila babu kamarki, ya ce har ya ji kamar ya yi rawa." Bai taɓa ƙaryata ta ba. Ai ba ƙarya ta yi ba. Shi yake ba da tsabar hatsi, ita take niƙawa ta dafa.

Yanzu babu mai niƙa. Yana dafa shinkafa da tumatirin gwangwani, kullum ko ta caɓe ko ta kama. Su zauna a teburin da aka saya don mutum uku. Ya yi Hausa, ta amsa da Turanci, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan, kuma maganar ba ta wuce gishiri da kuɗin bas da ko an kashe hitar ɗumama ɗaki. Sannan ta shige ɗakinta, shi ya buɗe littafi ya zauna yana jin motsin kujerarta ta cikin bango. Yana iya gane lokacin da lissafi ya ba ta wuya, domin ƙafar kujerar takan yi ƙara. Yakan so ya tashi. Sai ya juya shafi.

Ana tsakiyar makon, suna cin abinci, ta ce, "Baba, ruwan kwalbata ya fara hawa. Amma jiya da yau bai ƙara ba. Na san dalili."

Ya tsayar da cokali. Yaran aji duka sun manta da kwalaben, ita kaɗai take leƙawa.

"Ci abincinki," ya ce.

Da mako ya zagayo, soson ya yi ja da tsatsa, ruwa ya hau cikin kwalaben. Na wasu ya zube, na Kevin an sami cingam a ciki, amma a yawancinsu ruwan ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na wurin da iska take. Malam ya sa suka auna da rula.

"Wannan da ƙarfe ya cinye ita ce oksijin. Ita kuke shaƙa ku rayu, ita wuta take ci, ita ake yi wa waƙa. Kashi ashirin da ɗaya cikin ɗari. To, ga tambaya. Har yanzu kashi huɗu cikin biyar na kwalbar ruwa bai shiga ba. Me ke ciki?"

Hannu ɗaya ya tashi, a bakin taga.

Ya gan shi. Ya dubi tsakiyar aji.

"Kevin?"

"Babu komai, Sa."

"Makon jiya ka faɗi haka, kwalba ta kunyata ka. Wani?"

"Hayaƙin mota?"

"Tusa, Sa!"

Aka kwashe da dariya. Hannun yana nan a sama, ta tallafe gwiwar da ɗaya hannun saboda gajiya. Malam ya bi layi-layi, ya tambayi masu barci, ya tambayi wadda take kitsa gashin ƙawarta. A ransa lissafin a fili yake. Idan ya kira ta za ta faɗi daidai, idan ta faɗi daidai dole ya yaba, kuma mutum ya tsaya gaban jama'a yana yabon 'yarsa ta fari, wannan da ya fito tsakar kasuwa ba riga duk ɗaya ne. Ya juya ga allo ya rubuta amsar da kansa.

"Naitirojin. Kashi saba'in da takwas. Ba ta ƙonewa, ba ta sa tsatsa, ba ta da wari. Kuna shaƙarta ku fitar da ita yadda ta shiga. Amma da babu ita, da oksijin ce zalla, ashana ɗaya ta isa ta cinye Peckham."

"Sa," in ji yarinyar da ke zaune kusa da Khadijatu, wata 'yar Jamaika mai baki, "Dija ta sani tun ɗazu. Hannunta yana sama."

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

Ajin ya yi wannan doguwar "uuuu" da yara suke yi idan an ci mutuncin wani. Khadijatu ta sauke hannu a hankali, ta sa shi ƙarƙashin tebur. Malam ya ci gaba da rubutu. A ganinsa ya fita kunya lafiya.

Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen mako. Suka hau bas suka tsallaka kogi zuwa babban masallacin Regent's Park, shi da babbar rigarsa a ƙarƙashin kwat, ita da mayafin mahaifiyarta. Bayan an idar, a harabar da ta cika da Larabawa da 'yan Pakistan da ƙamshin turare, Hajiya Rakiya ta tare shi. Yayar Hannatu ce, matar wani ɗan kasuwar Kano mai gida a nan kusa da masallacin, irin gidajen da mai gadi yake sa hular kwano. Ta ba Khadijatu kuɗi ta ce ta je shagon littattafai ta zaɓi abin da take so. Sai da yarinyar ta ɓace cikin taro sannan ta juyo.

"Malam, an yi Sallah lafiya? Ka rame."

"Azumi ne, Hajiya."

"Azumi ko girkinka? Bari wannan. Yarinyar nan ta yi mini waya. Ta ce in ɗauke ta."

Ya dube ta.

"Tana so ta dawo wajena. Yarana suna makarantar kwana, ɗaki yana nan a rufe. Na yi magana da wata makarantar 'yan mata, sun ce za su karɓe ta bayan hutun rabin zango. Ban yi booking ɗin komai ba tukuna, sai na ji daga bakinka."

"Me ta rasa?"

"Cewa ta yi ba ka son ta."

Wani Balarabe ya bangaje shi ya wuce yana ba da haƙuri. Malam bai ji ba.

"Hajiya, ke ma kin san..."

"Ni na sani. Ni ma 'yar fari ce, har Baba ya rasu 'waccan' yake ce mini. Amma ni a Kano na tashi, inda kowace 'yar fari waccan ce. Ita fa? A asibitin Camberwell aka haife ta. Ƙawayenta iyayensu suna tsayawa a bakin get suna ƙwala musu kira, suna sumbatarsu kamar za su tafi yaƙi. Ita nata uban yana cikin aji ɗaya da ita, ya san sunan kowane ɗan iska a ajin, ban da nata. Me kake so ta ɗauka?"

"Uwarta ta yi mata bayani."

"Uwarta ta yi mata fassara, Malam. Kuma mai fassara ta tafi, Allah ya jiƙanta." Ta gyara gyalenta. "Kai ne uba. In ka ce a'a, a'a ce, ba zan ja da kai ba. Amma ka tambaye ta da bakinka. Abu ne mai sauƙi."

Mutanen da suke da direba sun cika ganin abubuwa da sauƙi.

A bas ɗin dawowa Khadijatu ta zauna gefen taga tana duba sabon littafinta. Ya shirya jimlar tun daga Oxford Street. Ya gyara ta a kan gada. Da suka iso Peckham sai ya ce, "Kada ki manta laimarki."

Ya yi kwanaki yana juya maganar, kuma da yake mutum ne mai ilimi, ya kai ga matsaya irin ta masu ilimi. Matsalar ita ce babu ɗan aike, saboda haka a nemo ɗan aike. A hawa na uku akwai Bernard Rwang, mutumin Jos, direban bas, mai 'ya'ya biyar da murya kamar ta goma. Shi ne ya tuƙa su zuwa maƙabarta ranar jana'izar Hannatu, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu. Malam ya same shi ranar hutunsa yana wanke tsohuwar motarsa a ƙasan bene.

"Ticha! Yau ka sauko cikin talakawa?"

Malam ya yi bayani, yana kallon tayar mota. Bernard ya ajiye soso.

"Tsaya in gane. In hau bene, in buga ƙofarka, in gaya wa 'yarka cewa kai, da kake zaune a falo, ka ce ta yi ƙoƙari?"

"Ba sai a gida ba. In kun haɗu a matakala."

"Kai, Fulani! Mutum zai bi saniya ɗari da suna, ya san ta uwarta da ta kakarta, amma 'yarsa ɗaya sai an ɗauko masa kwandasta. Ni 'yata Anatu, in ban kira sunanta sau goma kafin karin kumallo ba, sai ta ɗauka na mutu."

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Zan yi, don marigayiya. Me zan ce?"

"Ka ce... babu wanda ya kai ta a ajin. Ka ce gidan nan gidanta ne."

Washegari da yamma Bernard ya tare shi a bakin shagon Bayarabiyar da suke sayen doya. Wannan karon bai yi ihu ba.

"Na isar. Ta saurara da ladabi, yarinyar kirki. Sai ta ce, 'Na gode, Kawu. Amma ai gida ɗaya muke da shi. Ya san ƙofar ɗakina.'" Ya sosa ƙeya. "Ticha, ni direba ne, amma ko ni na san akwai inda bas ba ya shiga. Sai ka taka da ƙafarka."

Darasin ƙarshe kafin hutu shi ne ƙarshen babin iska. Malam ya yanke shawara a nan zai yi. A aji yana da allo a bayansa da alli a hannu, a nan ne kaɗai bakinsa yake yi masa biyayya. Da safe yana aske gemu ya gwada sunan a gaban madubi, ba sauti, leɓe kawai. Gaɓa huɗu ne. Ya furta sunayen sinadarai masu tsawon layin dogo gaban malaman jami'a bai yi tuntuɓe ba.

Ya zana da'ira a allo ya yanka ta, babban yanki na naitirojin, ƙarami na oksijin, sai wani ɗan siririn tsagi.

"Saba'in da takwas da ashirin da ɗaya, casa'in da tara. Saura ɗaya. A cikin wannan ɗayan akwai abin da bishiyoyi suke ci, akwai abin da ke riƙe ɗumin duniya kamar bargo. Wa zai gaya mini abin da ke ciki?"

Babu hannu ko ɗaya. Ya dubi taga. Tana zaune, hannayenta biyu a kan tebur, tana kallon filin wasa inda iska take kora ledar cin-cin. Bai yi tanadin wannan ba. A shirinsa hannun yana sama, shi kuma amsawa kawai zai yi.

Ajin ya fara hayaniya. Ya buɗe baki. Ya ji mahaifinsa a wuyansa, da mahaifin mahaifinsa, duk sun tsaya a maƙogwaro ɗaya.

"Ta bakin taga," ya ce.

Ta miƙe, abin da yaran nan ba sa yi wa kowa.

"Yawancinsa argon ne, Sa. Sai kabon dayoksaid, kaɗan ƙwarai, ita tsirrai suke ɗauka, ita ce kuma take ƙaruwa saboda hayaƙin da muke ƙonawa. Sai wasu 'yan ƙanana. Tururin ruwa ba a sa shi a lissafin, domin yau yana da yawa gobe babu."

Ko littafin bai faɗe shi da kyau haka ba. Ta tsaya tana kallonsa, ajin ma ya yi tsit, har Kevin. Akwai wuri a buɗe, daidai girman jimla ɗaya.

"Daidai," ya ce. "Zauna."

Ya juya ya rubuta argon a allo, ya ja masa layi, ya sake ja masa wani.

Da yamma, tana wanke kwanuka, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Anti za ta aiko da mota ranar Lahadi. In ka yarda."

Hajiya ta ce a'arsa a'a ce. Kalma ɗaya ce, kuma ba suna ba ce. Amma hana ta tafiya yana nufin ya ce yana son ta zauna, kuma wannan ya fi sunan nauyi.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."

Ranar Lahadi lif ɗin hawa bene ya lalace kamar kullum. Shi ya sauko da akwatin a kafaɗa, ya ƙi bari direban ya taɓa. Bernard da iyalinsa suna dawowa daga coci, matarsa ta rungume yarinyar tana kuka, yaran suna kiran sunanta ta ko'ina. Malam ya tsaya gefe yana duba ko an rufe but ɗin motar da kyau. Da ta shiga mota ta sauke gilashi. Ya sunkuya.

"A yi karatu," ya ce.

"Yes, Baba."

Bayan hutu aka ba wani yaro kujerar bakin taga, aka shiga babin ƙarfe da maganaɗisu. A gida ya gano cewa shinkafar mutum ɗaya ta fi ta mutum biyu wuyar aunawa. Bangon ya yi shiru. Ya karanta littattafai uku a jere bai san abin da suka ce ba.

Wata Lahadi bayan la'asar ya ɗauki waya ya buga gidan Hajiya Rakiya. Ya yi tsammanin mai aiki ce za ta ɗauka, ko Hajiyar, sai ya ce a ba shi yarinyar.

"Hello?"

Muryarta ce.

"Assalamu alaikum. Ni ne."

"Na sani, Baba. Da wa kake son magana?"

"Ai ke ce."

"Mu huɗu ne a gidan. Da wa kake son magana?"

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar malamar da ta yi tambaya ta ƙudura ba za ta amsa wa kanta ba. Yana jin numfashinta a wayar, da talabijin can nesa a wani babban falo. Ya kama bakin tebur. Babu kowa a flat ɗin, babu kowa a duk hawa na huɗu da ya san Yola, babu wanda zai ji ya yi masa dariya ko ya ji kunya a madadinsa.

"Khadijatu," ya ce.

Ya fito a bushe, kamar yana karanta lakabin kwalba. 

"Ga ni," ta ce.

Sai ya ga bai shirya komai bayan wannan ba. Duk tanadinsa a kan gaɓa huɗun nan ya ƙare.

"Ya makarantar?"

"Lafiya. Akwai lab mai kyau. Duk famfunan suna aiki."

"Me kuke yi a kimiyya?"

"Duwatsu masu aman wuta."

"To. Ba laifi." Ya share murya. "Ɗakin yana nan yadda yake."

"Anti ta riga ta sayi yunifom, Baba. Ta biya har ƙarshen shekara."

"Haka ne. Bai kamata a yi asara ba."

Wani ya kira ta daga cikin gidan, da sunanta, da ƙarfi, ba tare da ya ji wani nauyi ba. Ta rufe bakin wayar ta amsa, sannan ta dawo.

"Zan zo ranar Asabar in ɗauki sauran littattafaina. Kana gida?"

"Ina zan je?" ya ce.